Yadda Silima da Talabijin Ke Sa Ido Ya Ga Zurfi a Kan Shimfiɗaɗɗen Allo

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kallon fim ya san cewa allon silima farin ƙyalle ne da aka miƙe a jikin bango, fuskar talabijin kuwa gilashi ce. Kowannensu yana da tsawo da faɗi, amma ba shi da zurfi. Duk da haka, da zarar an fara nuna hoto sai mai kallo ya ga hanya ta miƙe ta nausa cikin daji, ya ga wani mutum a kusa wani kuma can nesa, ya ga mota ta taso daga ƙarshen titi kamar za ta faɗo cikin ɗaki. To, daga ina wannan zurfi yake fitowa, alhali in aka kai hannu aka shafa allon ba a jin komai sai sumul? Amsar da masana ilimin halittu suka bayar ita ce, ƙwaƙwalwar mai kallo ce take ƙirƙiro shi, ta yin amfani da wasu alamu da ta saba dogara da su tun yana jariri. Aikin masu shirya fim shi ne su san waɗannan alamu, su jera mata su yadda za ta gamsu.

Hoton da ke cikin ido

Kafin a fahimci dabarar silima, wajibi ne a san yadda ido yake aiki. Haske yana tasowa daga jikin abin da ake kallo, ya shiga ta ƙwayar ido, ya ratsa wani ɗan abu garai-garai da ake kira madubin ido. Wannan madubi shi ke tattara hasken ya sauke shi a kan wani tantani da ke shimfiɗe can ƙuryar ido, mai suna ratina. A jikin tantanin akwai ƙwayoyin halitta kimanin miliyan 100 masu jin haske, su ne ke mayar da shi saƙo, jijiyar gani ta kai wa ƙwaƙwalwa.

Abin lura a nan shi ne, hoton da ke sauka a kan wannan tantani ƙarami ne, a kife yake, kuma shi ma ba shi da zurfi, tamkar hoton da ke jikin allo. Akuyar da ke kusa da saniyar da ke nesa suna iya cin fili ɗaya a kansa. Mutum na iya ɗaga babban yatsansa ya rufe wata ɗungurungum. Ke nan tantanin ido shi kaɗai ba ya iya bambanta ƙaramin abu na kusa da babban abu na nesa. Sai ƙwaƙwalwa ta yi kirdado da lissafi. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A haƙiƙa mai sanin kimar ita ce ƙwaƙwalwa.

Wannan fahimta ta daɗe. Malam Alhasan Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 kuma ya yi aikinsa a Alƙahira, ya bayyana a littafinsa Kitabul Manazir cewa haske ne yake shiga ido, kuma gani yana tattare da hukunci da kwatance da hankali ke yi cikin saurin da mutum ba ya ankara. Ya kuma lura cewa mutum yana auna nisan abu ne ta hanyar jerin abubuwan da ke tsakaninsa da shi, kamar shimfiɗar ƙasa da gine-gine.

Alamun da ido ɗaya ke iya gani

Mafi yawan alamun zurfi ba sa buƙatar ido biyu, shi ya sa kyamara, wadda ido ɗaya gare ta, take iya ɗaukarsu.

Ta farko ita ce tarewa. Idan wani abu ya rufe ɓangaren wani, ƙwaƙwalwa na yanke hukunci nan take cewa wanda ya rufe shi ne a gaba. Saboda haka ne masu ɗaukar fim suke son sanya reshen itace ko ƙyauren ƙofa ko kafaɗar wani ɗan wasa a bakin hoto, don sauran abubuwa su koma baya.

Ta biyu ita ce girma. Ƙwaƙwalwa ta san girman mutum da na doki da na mota. In ta ga mutane biyu, ɗaya ya cika allo ɗaya kuma bai wuce tsawon yatsa ba, ba ta ɗaukar na biyun a matsayin wada, sai ta ce yana nesa.

Ta uku ita ce haɗuwar layuka. Wanda ya tsaya a tsakiyar layin dogo ya hangi gabansa zai ga ƙarafan nan biyu suna matsowa kusa da juna har su haɗe, alhali tazararsu ba ta canza ba. Wani magini a birnin Florence na ƙasar Italiya, Filippo Brunelleschi, shi ya nuna yadda ake lissafa wannan a zane a farkon ƙarni na 15, sannan Leon Battista Alberti ya rubuta ƙa'idojinsa a 1435. Silima ta gaji wannan ilimi tun tana jaririya. 'Yan'uwan nan biyu na ƙasar Faransa, Auguste da Louis Lumière, waɗanda suka fara nuna fim ga jama'a da kuɗi a birnin Paris a watan Disamba na 1895, sun ɗauki hoton jirgin ƙasa yana shigowa tashar garin La Ciotat. Sun kafa kyamararsu a gefen dogo ta yadda layin ya ratsa hoton a karkace, jirgin ya taso ƙarami daga nesa yana girma har ya wuce ta gefen allo. An sha ba da labarin cewa 'yan kallo sun tsere don tsoro; masana tarihi da dama suna ganin an yi ƙarin gishiri, amma dabarar kanta har yau ana amfani da ita.

Ta huɗu ita ce cunkushewar zane. Kunyoyin gona na kusa ana ganinsu ɗaya bayan ɗaya da faɗinsu, na nesa kuwa sai su matsu su zama kamar saƙar tabarma.

Ta biyar ita ce dushewa. Iska na ɗauke da ƙura da tururi, don haka abin da ke nesa yakan yi fari-fari ko shuɗi-shuɗi, launinsa ya ragu. A lokacin hunturu, idan hazo ya sauka, ana ganin haka ƙarara: itacen da ke kusa baƙi ƙirin, na bayansa toka-toka, na can ƙarshe kuwa kamar inuwa. Masu shirya fim sukan busa ɗan hayaƙi a ɗakin ɗaukar hoto da gangan don su sami irin wannan bambanci.

Ta shida ita ce haske da inuwa. Da'irar da aka shafe da launi ɗaya faifai ce, amma in aka haskaka samanta aka duhunta ƙasanta sai ta zama ƙwallo, domin ƙwaƙwalwa ta saba da haske yana zuwa daga sama. A ɗakin watsa labarai na talabijin akan sa fitila a bayan mai karanta labarai, ta haska gefen kansa da kafaɗunsa, don ya rabu da bangon da ke bayansa.

Ta bakwai ita ce bambancin fitowar hoto. Madubin kyamara, kamar na ido, yana fito da abin da aka saita shi a kai tangaran, sauran kuma su yi dishi-dishi. In fuskar ɗan wasa ta fito sosai bayansa ya dushe, mai kallo na jin akwai tazara a tsakani. Wasu kuma sun bi akasin haka. A fim ɗin Citizen Kane na 1941, darakta Orson Welles da mai ɗaukar hotonsa Gregg Toland sun sa na kusa da na nesa duka sun fito tangaran, suka bar girman mutane da layukan rufin ɗaki su nuna zurfin.

Motsi

Abin da silima ta fi hoton kati da shi shi ne motsi. Fim jerin hotuna ne marasa motsi da ake nunawa 24 a kowace daƙiƙa, ƙwaƙwalwa ta haɗa su ta ga tafiya. Wannan tafiya kuwa tana ɗauke da wata babbar alama ta zurfi. Matafiyin da ya leƙa ta tagar mota zai ga turakun bakin hanya suna wucewa kamar walƙiya, gonaki na tafiya a hankali, duwatsun nesa kuwa kamar ba sa motsi. Daga bambancin saurin nan ƙwaƙwalwa ke gane nisan kowanne.

Ba ɗan'adam kaɗai ke amfani da wannan ba. Fara, kafin ta yi tsalle, takan riƙa karkaɗa kanta da gaban jikinta dama da hagu tana kallon inda za ta dira. Bincike ya nuna cewa nisa take aunawa: in abin ya gusa da yawa a idonta yana kusa, in ya gusa kaɗan yana nesa.

Saboda haka ne ake ɗora kyamara a kan ɗan keke mai bin dogo a tura ta yayin ɗaukar hoto. Akwai bambanci tsakanin tura kyamara gaba da kuma murɗa madubinta don ya jawo hoto. Murɗa madubi yana ƙara girman komai daidai wa daida, kamar an kusanto da hoton kati ga fuska. Tura kyamara kuwa yana sa abubuwan kusa su gusa fiye da na nesa, wasu su ɓuya wasu su bayyana, kamar yadda ke faruwa in mutum yana tafiya da ƙafarsa. A fim ɗin Vertigo na 1958, Alfred Hitchcock ya haɗa biyun suna saɓa wa juna, kyamara na tafiya wani ɓangare madubi na jan hoton ɗaya ɓangaren, sai matattakalar bene ta riƙa miƙewa tana zurfafa a idon mai kallo, ya ɗanɗani jirin da ke kama mai tsoron tsawo.

Masu finafinan zane ma sun gane muhimmancin wannan. Kamfanin Walt Disney ya ƙera wata kyamara mai kallon ƙasa ta cikin gilasai da dama da aka jera wani bisa wani, an zana itatuwan kusa a na sama, tsaunuka a na ƙasa. Akan gusa kowane gilashi da saurinsa daban. An yi amfani da ita a The Old Mill da Snow White a 1937. Yau kwamfuta ce ke yin wannan lissafi, amma ƙa'idar ba ta canza ba.

Idan aka juya alamun

Tunda ƙwaƙwalwa da alamu take aiki, wanda ya iya sarrafa su zai iya yi mata rufa-ido. A fim ɗin The Lord of the Rings na 2001 ana buƙatar wasu mutane su fito gajeru ƙwarai. Ɗaya daga cikin dabarun da aka bi ita ce a zaunar da ɗan wasan da ake so ya gajarta nesa da kyamara, abokinsa kusa, a daidaita kujeru da tebur ta yadda za a ga kamar suna gefen juna. Da yake kyamara ido ɗaya gare ta, ba ta tona asirin tazarar, sai ƙwaƙwalwa ta fassara ƙanƙantar hoton da gajarta. Haka nan masu kallon ƙwallon ƙafa a talabijin sukan ga allunan talla a tsaye gefen raga, alhali shimfiɗu ne a kwance a ƙasa, an zana rubutunsu a miƙe a karkace daidai da inda babbar kyamara take.

Wannan al'amari bai tsaya ga nishaɗi ba. Madubi mai jawo nesa yana matse tazara, ya sa abubuwan da ke jere su zama kamar a manne. A shekarar 2020, lokacin annobar korona, wasu masu ɗaukar hoto a ƙasar Denmark sun ɗauki mutane a wuri ɗaya da madubai iri biyu: a hoto ɗaya an gan su a cunkushe, a ɗayan kuma an ga kowa da tazararsa. Ya kamata ɗalibi ya tuna da haka duk sa'ad da aka nuna masa hoton taro don a tabbatar masa da yawan jama'a ko ƙarancinsu.

Aikin ido biyu

Akwai wata alama guda da fim na yau da kullum ba ya iya bayarwa. Tsakanin idanun babban mutum akwai tazarar kimanin santimita 6.3, don haka kowane ido yana ganin duniya daga wurinsa. Mai karatu zai iya tabbatar da haka in ya miƙa yatsa gabansa, ya rufe ido ɗaya, sannan ya buɗe shi ya rufe ɗayan: yatsan zai yi tsalle. In ya matso da shi kusa da hanci, tsallen zai ƙaru. Ƙwaƙwalwa na gwama hotunan biyu, ta auna wannan saɓani, ta mayar da shi zurfi. Dabbobin da idanunsu ke fuskantar gaba, irin su kyanwa da mujiya da biri, suna da rabo babba a wannan baiwa, yayin da zomo da barewa, masu idanu a gefen kai, suka fi samun faɗin gani don hango maƙiyi.

Charles Wheatstone na ƙasar Ingila shi ya tabbatar da wannan a 1838. Ya zana hotuna biyu masu ɗan bambanci, ya yi amfani da madubai don kowane ido ya ga nasa shi kaɗai, sai ga siffa ta taso kamar a taɓa. A 1960 Béla Julesz, wanda ke aiki a Amurka, ya nuna cewa ko da ɗigo-ɗigo ne barkatai marasa siffar komai, in aka ɗan gusa wani yanki nasu a hoton ido ɗaya, yankin zai taso. A 1967 kuma Horace Barlow da Colin Blakemore da John Pettigrew suka gano ƙwayoyin jijiya a ƙwaƙwalwar kyanwa waɗanda aikinsu shi ne amsa wannan saɓani.

A gaban talabijin, idanu biyu hoto ɗaya suke gani, don haka suna shaida wa ƙwaƙwalwa cewa allon shimfiɗaɗɗe ne, sauran alamu kuma suna cewa akwai zurfi. Ƙwaƙwalwa takan bi rinjaye. Wannan ne dalilin da ya sa ake duhunta ɗakin silima a kuma girmama allon, don mai kallo ya manta da bango da gefuna. Shi ne kuma ya sa mutane da yawa, in suka rufe ido ɗaya suka kalli hoto mai kyau, suke ganin zurfinsa ya ƙaru: an sallami mai shaidar da ke musu.

Finafinan 3D da abin da ya same su

Finafinan da ake kira 3D ƙoƙari ne na cike wannan giɓi. Akan ɗauki hoto da kyamarori biyu a jere kamar idanu, a haska duka biyun a allo ɗaya, sannan a ba mai kallo tabarau da zai raba su. Tsohuwar hanya ita ce tabarau mai launi biyu, ja da kore ko shuɗi, kowane gilashi ya tare hoto ɗaya. Da ita aka nuna The Power of Love a 1922. Daga baya aka koma ga gilashi mai tace haske bisa ga yadda yake kaɗawa, wanda ba ya ɓata launi. Da shi aka nuna Bwana Devil a 1952 da House of Wax a 1953, a lokacin da talabijin ke janye 'yan kallo daga gidajen silima a Amurka. Abin mamaki, daraktan House of Wax, André de Toth, ido ɗaya gare shi, bai taɓa ganin zurfin da fim ɗinsa ya yi suna da shi ba.

Yayin ya lafa, ya sake tashi da fim ɗin Avatar na James Cameron a 2009. A 2010 kamfanoni suka fito da akwatunan talabijin na 3D, aka kuma ɗauki wasanni 25 na gasar cin kofin duniya da aka yi a Afirka ta Kudu ta wannan hanya. Amma abin bai ɗore ba. Tashar ESPN ta rufe sashenta na 3D a 2013, BBC ma ta dakatar da nata a shekarar, zuwa 2017 kuma manyan kamfanoni irin su Samsung da LG da Sony duk sun daina ƙera irin waɗannan akwatuna.

Tsada da nauyin tabarau da ƙarancin shirye-shirye sun taimaka wajen faɗuwar, amma akwai dalili na halitta. In mutum ya dubi abu na kusa, abubuwa biyu ke faruwa tare: idanu su karkato ciki su haɗu a kan abin, madubin ido kuma ya ƙara kauri don hoton ya fito. A fim ɗin 3D an raba waɗannan tagwaye. Idanu na haɗuwa a kan abin da ya yi kamar ya fito gaban hanci, amma dole madubin ya tsaya a saitin allo, inda hasken yake tasowa. Wannan saɓani ne ke jawo wa wasu gajiyar ido da ciwon kai, kuma ya fi tsanani in allon na kusa, kamar talabijin a ɗaki.

Abin lura ga malamai da iyaye

Ba a haihuwar jariri da cikakken gani na ido biyu; yakan bayyana ne tsakanin wata 3 zuwa 5, ya ci gaba da ƙarfafa a shekarun ƙuruciya. David Hubel da Torsten Wiesel, waɗanda suka sami lambar yabo ta Nobel a 1981, sun nuna cewa in aka rufe ido ɗaya na ɗan kyanwa a farkon rayuwarsa, ƙwaƙwalwa takan yi watsi da wannan ido ko da an buɗe shi daga baya. Irin haka na iya samun yaron da ke da harara-garke, ko wanda ido ɗayansa ya fi ɗayan rauni sosai. Ƙwaƙwalwarsa takan danne hoton ido ɗaya don kauce wa ganin abu biyu-biyu, a hankali idon ya raunana. Magani ya fi ci in an fara shi da wuri, kafin yaro ya kai shekara 7 ko 8. Saboda haka malamin da ya lura da ɗalibi mai karkataccen ido, ko mai yawan rufe ido ɗaya in zai duba allo, ya kyautu ya shawarci iyayensa su kai shi asibitin ido ba tare da jinkiri ba.

A aji kuma ana iya yin gwaji mai sauƙi. Ɗalibi ya riƙe fensir a kowane hannu, ya miƙa hannayensa, ya yi ƙoƙarin haɗa tsininsu, da farko da ido biyu, sannan da ido ɗaya. A rubuta sau nawa ya dace cikin gwaji 10 a kowane hali. Bayan haka a sake gwadawa da ido ɗaya, amma a bar shi ya riƙa kaɗa kansa kamar fara, a ga ko sakamakon zai canza.

Kammalawa

Silima da talabijin ba su ƙirƙiro wata sabuwar hanyar gani ba. Sun tarar da ƙwaƙwalwa tana gina zurfi daga tarewa da girma da layuka da inuwa da motsi, sai suka koyi ba ta waɗannan alamu a kan allo. Akan ce gani ya kori ji, amma ɗalibin kimiyya ya kamata ya san cewa gani kansa fassara ce, kuma wanda ya riƙe kyamara yana da hannu a cikin abin da za a fassara.